Lichess: manhajar da ta karɓi aikin gyara ni daga hannun uwargida

Duk namijin da Allah ya haɗa shi da matar da ta fi shi kaifin ƙwaƙwalwa ya san ba iliminta ne ke damunsa ba. Gyaran ne. Ka faɗi magana a gaban yara, ta ce, "Anya haka ne, Abban yara?" cikin ladabi, har da ɗan murmushi, in aka bincika kuma a tarar ita ce da gaskiya. Sau ɗaya ba komai. In ya zama kullum, sai ka fara auna magana kafin ka furta a gidan da kai ke biyan hayarsa. A kan wannan nake son in yi bayanin wata manhajar waya mai suna Lichess, ta wasan ces, darar nan mai gida 64 da sarki da sarauniya da dawaki. Hukuncina tun daga farko: kyauta ce, ba talla a cikinta, ba za ta sa ka kamo matarka ba, amma za ta sauke mata nauyin zama malamarka. Ga mai irin gidana, wannan ya isa dalilin sauke ta a waya.

Ni atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, karatuna a sakandare ya tsaya. Uwargida lissafi ta karanta a Zariya, shi take koyarwa. Kuma ba takardar nake nufi ba, don na ga masu digiri da ba za su iya raba bandir ɗin shadda tsakanin mutum uku ba sai da kalkuleta. Ita abin a jininta yake. Akwai daren da nake ta fama da littafin bashi, jimillar ta ƙi fita, ta zo ta ajiye mini shayi, tana tsaye a gabana, littafin yana kallonta a juye. Ta sa yatsa a wani layi ta ce yaron shago ya rubuta kuɗin turmi goma sha biyu a inda aka ba da goma sha biyar. Ta juya ta koma ɗaki. Ko zama ba ta yi ba.

Abin da nake tinƙaho da shi shi ne dara. A majalisarmu in aka haƙa gurbi talatin aka raba 'ya'ya goma sha biyu-biyu, kaɗan ne ke tashi ba su sha kashi a hannuna ba. Shi ya sa da ta fito da allon ces ɗinta na zamanin jami'a ta ce in zo ta koya mini, na zauna da ƙarfin gwiwa. Koyarwar ba ta yi daɗi ba, kuma ba laifin kowa. Da zarar na ɗaga doki sai ta ce, "Ka tabbata?" In na mayar na ɗauki giwa, ta ce, "To, wannan ma ka sake dubawa." Ita a ganinta taimako take yi. Ni a jina ɗan aji ɗaya aka mayar da ni a kan tabarmata. Idan kuma ta yi shiru ta bar ni na ci, na san bari aka yi, wannan ya fi zafi. Mun kai ga naɗe allon aka ɗora a saman kwaba, sai ƙaninta da ya zo hutu ya sa mini manhajar a waya.

Wani Bafaranshe mai rubuta manhajoji, Thibault Duplessis, shi ya kafa ta a 2010. Ba kamfanin neman riba ba ne, ƙungiya ce mai rajista a Faransa da ke tafiya da gudummawar masu wasa. Wanda ya ba da gudummawa ɗan fiffike kawai ake maƙala masa a gefen sunansa, ba a ƙara masa komai a kan wanda bai bayar ba. A matsayina na ɗan kasuwa na daɗe ina jiran ranar da za a ce mini "saka kati kafin ka ci gaba", don na saba da manhajojin da ke ɗanɗana maka zuma su rufe tulu. Ba ta zo ba. Duk abin da ke ciki a buɗe yake, kuma data kaɗan take ci, ba ta kama ƙafar bidiyon da yara ke kalla ba.

Darussan farko ba sa neman dogon karatu. Za a ajiye maka soro, ɗaya daga cikin 'ya'yan ces, shi kaɗai a allo, a watsa taurari, a ce ka bi ka tsince su. Kafin ka gama ka gane miƙe yake tafiya. Haka giwa mai tafiya a karkace, haka doki mai tsallake. Ni da Turanci na bar ta, akwai Larabci ga wanda ya fi sakewa da shi. Daga nan sai wasa da na'ura, mataki na 1 zuwa na 8. Na farkon yana kyautar da 'ya'yansa, yaro ma zai ci shi. Na takwas kuwa kada ka ɓata lokacinka. Akwai kuma wasan wasa ƙwaƙwalwa, inda za a nuna maka tsakiyar wani wasa da mutane suka taɓa bugawa a ce nemo motsin da ke kawo nasara. Wannan nake yi in kasuwa ta yi sanyi bayan azahar.

Inda manhajar ta ci kuɗinta, da ana biya, shi ne bitar wasa. Bayan an gama sai ka nemi na'ura ta duba, injin da ake kira Stockfish, wanda babu ɗan Adam da ke iya ja da shi yanzu. Zai bi motsinka ɗaya bayan ɗaya ya yi alama. Ɗan sakaci, alamar tambaya da ta motsin rai. Kuskure, alamar tambaya ɗaya. Katoɓara, alamar tambaya biyu, da ja. Sannan ya mayar da kai daidai wurin ya ce sake gwadawa, in ka kasa ya nuna maka. Abin da uwargida take gaya mini ne dai, kusan kalma da kalma. Bambancin shi ne na'ura ba ta san ni ba. Ba ta ga ranar da na yi fahariya a majalisa ba, ba za mu ci tuwo a kwano ɗaya bayan isha'i ba, kuma in ta nuna mini katoɓara takwas a wasa ɗaya ba wanda ya ji sai ni. Gyaran da na kasa haɗiya daga bakin matata, ga shi ina nemansa da kaina a bayan kanta, tsakanin mai saye da mai saye.

Sai kuma abin da ban zata ba: ita ma tana samun jan. Wani wasa da ta cinye ni, muka buɗe bitar tare, kawai sai ga alamar tambaya biyu a motsinta na tsakiya. Ta bar sarauniyarta a inda dokina zai iya tsallakawa ya tsare sarki da sarauniya lokaci guda, ni kuwa ban gani ba na tura wani soja gaba. Ta karɓi wayar ta ƙura mata ido, ta ce, "Kai, wallahi da ka gani da dara ta ci gida." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa ganin an kama ta da kuskure a kan abin ƙwaƙwalwa ba sai ranar, kuma yadda ta karɓa ba tare da musu ba ya nuna mini wani abu game da ita da shekarun aure ba su nuna mini ba. Ashe ba son cin gyara ne da ita ba. Kuskure ne ba ta iya gani ta ƙyale, nata ko na wani.

Batun maki, wato lambar da manhajar ke auna ƙarfin ɗan wasa da ita, yana da ɗaci. Kowa da 1500 yake farawa, da alamar tambaya a gefe har sai an gane ƙarfinsa. Nawa ya yi ta gangarowa har ya samu wurin zama wajen 1200. Nata yana sama da 1600. Na tambaye ta me tazarar take nufi, ta ce tazarar maki 400 ma'anarta in aka buga wasa goma sha ɗaya, ana sa ran na sama ya ci kusan goma. Haka ta faɗa, kamar tana karanta farashin tumatir. Akwai wurin da za ka kashe makin gaba ɗaya ka daina ganinsa, kuma ina ba duk mai saurin hawan jini shawarar ya kashe. Ni na bar nawa. Gara in san tazarar a lamba da in yi ta zarginta a zuci.

Abubuwa biyu ne suka dawo da wasa tsakaninmu. Na farko, ana iya shirya allo yadda aka ga dama kafin a fara, a wasan zumunci wanda ba ya taɓa maki. Sai ta cire sarauniyarta tun daga farko. Wannan ragi ne a fili, kowa ya gani, ba irin barin nan na tausayi ba. Bayan ta cire kuwa da gaske take bugawa, ba sani ba sabo. Da na fara cin ta a haka sai ta koma cire soro. A nan muke har yanzu. Na biyu, wasan da ba na gaggawa ba, inda ake ba kowa daga kwana 1 har zuwa 14 ya yi motsi ɗaya. Ina kasuwa tana makaranta, waya ta yi ƙara, in duba in ga ta matsa giwa. Ita a tsakanin darasi da darasi take bugawa, cikin daƙiƙa kaɗan. Ni in wuni ina juya abin a kaina. A gaba da gaba saurinta ke rikita ni, amma in aka ba ni wuni guda, haƙurin ɗan kasuwa yana ɗan rage tazarar.

'Yan majalisa ba su bar ni ba, an kira ni mijin-ta-ce ya fi a ƙirga. Wani abokina ya ba ni shawara in buɗe injin a wata wayar in riƙa kwafar motsinsa in ba ta mamaki. Wannan maguɗi ne a dokar manhajar, suna kama masu yi su yi wa sunansu tambari. Ko da ba su kama ni ba, matar da ta karanta littafin bashi a juye za ta gane kafin motsi na goma. Da na ba ta labarin masu cewa mace ba ta kai namiji a irin wannan ba, sai ta ce in gaya musu Judit Polgár ta ƙasar Hangari ta zama babbar gwana tana shekara 15 a 1991, ta kuma doke Garry Kasparov, tsohon zakaran ces na duniya, a 2002. Na isar da saƙo. Suka ce ai Baturiya ce. Ka ji majalisa.

Akwai maganar addini, kuma ba zan tsallake ta ba don na san za a tambaya. A Muwaɗɗa an ruwaito Imamu Malik ya ƙi wasan shaɗaranji, wato ces, ya ce babu alheri a cikinsa. Malaman Shafi'iyya da dama sun tsaya a kan makaruhi matuƙar babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya tuntuɓi malaminsa. Wasan dai ba baƙo ba ne a ƙasar nan, don a Borno an san wani nau'insa tun da, tsatsarandi. Abin da zan shaida da idona shi ne tsoron shagala gaskiya ne. Akwai wasan minti ɗaya, akwai na minti uku, da ka gama maɓallin sake bugawa yana nan yana kallonka. Mutum zai ce ɗaya kawai, ya ɗago kai ya ji ana tayar da iƙama. Mu a gidanmu an hana gajeren wasa daga kiran magariba, kuma ba ni na kafa dokar ba.

Sauran ƙorafina ba na manhajar ba ne, na ƙasarmu ne. In sabis ya ɗauke a tsakiyar wasa agogonka bai san da haka ba, yana ta tafiya, abokin karawa kuma yana da damar karɓar nasara in ka daɗe ba ka dawo ba. Don haka dogon wasa ya fi dacewa da mu. Mai manyan yatsu da ƙaramar waya ya kunna wurin da ke neman tabbaci kafin motsi ya tafi. Ga magidancin da hankalinsa bai kwanta da iyalinsa na wasa da baƙi ba, ana iya rufe hira da saƙonni, akwai ma tsari na musamman don yara. Allon roba da na saya a wani shago a Sabon Gari kuwa soja ɗaya ya zo babu, murfin kwalba ke tsaye a madadinsa.

Wanda ba zan ba shawarar ya sauke ta ba shi ne mijin da yake son ya yi atisaye a ɓoye wata biyu ya dawo ya rama. Ba za ta yiwu ba. Kana koyo tana koyo, kuma ta fi ka saurin ɗauka, abin da ya kawo ka nan ke nan tun farko. Sannan ka sani manhajar ba ta mantuwa. A ƙarƙashin allo akwai ɗan layi da ke ƙirga duk wasan da kuka taɓa yi da mutum, wa ya ci nawa. Na roƙi uwargida kada hoton layin namu ya shiga zauren WhatsApp na 'yan gidansu. Ta ce in kwantar da hankalina, tun watan jiya yayarta ta gani.