Europass: inda nake haɗa CV duk lokacin da gwamnati ta buɗe gurbi

Mai neman aikin gwamnati ba sau ɗaya yake nema ba. Za a fitar da talla, ka cike, ka tura, watanni su wuce shiru, sai wata hukumar ta buɗe nata. Abin da ke karya gwiwar mutane da yawa shi ne sake zama a rubuta komai daga farko, kuma a nan ne na ga amfanin Europass.

Shafin intanet ne na Tarayyar Turai, ya fara aiki a 2005, aka sabunta shi a 2020, kuma kyauta ne. Ba sai kana neman aiki a Turai ba. Kana buɗe asusu, ka zuba tarihinka gaba ɗaya: makarantu, wuraren da ka yi aiki, kwasa-kwasai, harsunan da kake ji. Duk ranar da talla ta fito, sai ka zaɓi abin da ya dace da gurbin, ka sauke CV a PDF. Akwai kuma wajen rubuta wasiƙar neman aiki, a ajiye ta tare da sauran takardu.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin kwalliyarsa. Jami'in tantancewa yana da tarin takardu a gabansa da jerin sharuɗɗa a hannu, so yake ya ga shaidar karatu, shekarun aiki, da ranar da ka fara da ranar da ka bari. Tsarin Europass yana sa ka cike waɗannan a jere, babu wajen ɓoye giɓi. Ni kan ɗauki kalmomin da tallar ta yi amfani da su, in bayyana aikin da na taɓa yi da su, muddin gaskiya ne. Sashen harsuna ma ya yi mini, domin yana bin ma'aunin iya harshe na A1 (ɗan koyo) zuwa C2 (gwani), maimakon mutum ya rubuta "ina jin Turanci sosai" kawai.

Sai dai a kula, idan ka zuba duk abin da ke asusunka, takardar za ta yi tsawo. Rage ta. Kuma hukumomi da dama suna da nasu fom a shafinsu, wanda CV ba ya maye gurbinsa. A irin wannan hali ina buɗe Europass a gefe ina kwafo kwanan wata da sunayen takardu, don kada abin da na rubuta a bana ya saɓa da na bara.

Ga wanda aka ƙi ɗauka yana shirin sake gwadawa, ina ba shi shawarar ya buɗe asusu tun yanzu, ya riƙa ƙara kowane sabon kwas da ya kammala kafin talla ta gaba ta fito.