Hattara da masu sauya wa tsohon sifirin mai gas lamba

Masu ƙera injuna, kanikawa da masu gyaran kujerun ofis, ku buɗe ido. Wasu 'yan damfara sun shigo intanet da tallar sifirin mai gas, sandar nan da ke riƙe murfin inji ko but ɗin mota idan an ɗaga. Suna cewa sabo ne dal daga kamfani, alhali tsofaffi suke tsincewa, su fesa baƙin fenti, su manna sabuwar sitika. Kuma ba sa turo kaya sai an biya kuɗi gaba ɗaya.

Abin da ya ba su ƙofa shi ne ba a ganin ƙarfin sifirin da ido. Iskar naitirojin aka matse a cikin silindar, da ɗan mai da ke jiƙa robar bakinta, yana kuma rage gudun sandar idan ta kusa gama fitowa. Sifirin biyu za su zo tsayi ɗaya, kauri ɗaya, amma wannan 200N ne, wancan 800N (N na nufin niyuton, ma'aunin ƙarfin turawa). Lambar da ke jiki kaɗai ke bambanta su, ita kuwa suke bugawa yadda suka ga dama. Tsohon da iskarsa ta zurare zai riƙe murfi na ɗan lokaci, ranar da sanyi ya sauko ƙarfinsa ya ƙara raguwa, murfin ya faɗo wa wanda ya zura kai yana gyara.

Gwajin ba wuya. Kowane 10N kusan kilo 1 ne. Ka kafa shi a kan sikeli ka danna har sandar ta fara shiga: mai 400N ya kamata ya nuna wajen kilo 40. Idan ya nitse tun a kilo 20, an cuce ka. Sannan ka duba sandar a wuri mai haske. Sabuwa sumul take. Tsohuwa za ka ga ƙarzuwa a tsaye, da zoben mai da ƙura a bakin silinda, wani lokaci har fentin ya ɓata robar, don ko rufe ta ba sa yi kafin su fesa. In biyu ka saya don murfi ɗaya, ka auna kowanne daban, domin idan ƙarfinsu ya saɓa sai murfin ya karkace, hinjin ya lalace.

Suna kuma cakuɗa nau'o'in da gangan. Akwai mai turawa, wanda aka fi sani, akwai mai ja, akwai mai kulle da ke tsayawa duk inda aka saki maɓallinsa, irin na gadon asibiti da kujerar ofis. Sai su turo maka mai turawa a matsayin mai kulle. Ka dubi kan sandar, in babu ɗan fil ɗin da ake dannawa, ba shi ba ne. Haka na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 316, da ake sa wa jiragen ruwa da injinan sarrafa abinci. Kara maganaɗisu a jikin silindar. Idan ya manne gam, ƙarfen gama-gari ne aka shafe.

Kafin ka biya, ka nemi tsayinsa a miƙe, nisan tafiyar sandar, da lambar samfurin da za ka iya tantancewa wurin kamfanin da ya ƙera. Mai gaskiya zai ba ka nan take, su kuwa sai su hau kame-kame.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, kada haushi ya sa ya huda ko ya ƙona sifirin. Ko wanda ya saki yana da sauran matsi a ciki da zai iya raunata mutum.