Hattara da masu zuba maɓallan kakin soja na jabu

'Yan uwa masu tara kayan tarihi, akwai masu talla a Facebook da WhatsApp da ke sayar da maɓallan kakin soja, suna cewa na Yaƙin Duniya na Biyu ne, alhali zubin jiya ne.

Abin da ya ba su ƙofa shi ne tsakanin 1939 da 1945 tagullar da ake yin maɓallan da ita ta yi wuya, domin harsashi ya cinye ta. Ingila ta koma roba, Jamus ta yi amfani da tutiya da ƙarfe mai fenti, Amurka ta haɗa da ƙwallon wani dabino na Kudancin Amurka da ake kira tagua. Italiya kuwa tana samun ƙodagon goruba daga Eritiriya, irin namu sak. Tunda na gaskiyar ma ba su da nauyi ko ƙyalli, na jabu ya samu wurin ɓuya.

Maɓalli ɗaya na asali mazambacin yake saya, ya ɗauki siffarsa a mazubi, ya zuba ruwan roba mai daskarewa, sannan ya tsufar da shi da shayi ko man takalmi. Don haka ku nemi hoton guda biyar tare. Idan ƙarzuwa ɗaya ta fito a wuri ɗaya a jikin kowanne, uwarsu ɗaya. Ku sa gilashin ƙara girma a bayan maɓallin: zubi yana barin ƙananan ramukan iska, harufan kamfani kuma su fito a dushe.

Na ƙodago ya fi sauƙin ganewa, domin rini ba ya ratsa shi sosai. Inda ya goge sai ka ga fari-fari, fuskarsa da ɗigo-ɗigo na halitta. Na Bakelite kuma, wata tsohuwar roba mai tauri, a murza shi da babban yatsa har ya ɗumama, zai tashi da warin magani. Tutiya ba ta kama maganaɗisu, tana yin furfura idan ta tsufa. Mai tsatsa ja da aka ce tutiya ce, ƙarya ne.

Don Allah a bar gwaji da allura mai zafi. Tana lalata na gaskiya, wata tsohuwar robar ma wuta take kamawa nan take.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda suke jingina kayan ga kakanninmu da suka yi yaƙin Bama, don su ninka kuɗi. Wanda ya faɗi haka, ya nuna takardar sallamar sojan. Idan ya ƙi turo hoton bayan maɓallin, ko ya matsa a biya kafin a gani, kada ku tura ko sisi.