Sabuwar Kyanwa a Gida: Abincin Buhu, na Gwangwani ko na Tukunya?

Kyanwa ita kanta ba ta cika tsada ba. A yawancin unguwanni kyauta ake ba da ita: ta maƙwabta ta haihu a sito, 'ya'ya huɗu ko biyar sun fara yawo a tsakar gida, uwargida tana neman wanda zai rage mata. Inda kuɗin yake shi ne kwanon da za ka riƙa ajiye mata safe da yamma, kuma kyanwar da take samun kulawa a cikin gida takan kai shekara 12 zuwa 15, wasu ma su wuce. Saboda haka lissafin abinci ya kamata ka fara yi tun kafin ka ɗauko ta.

Zaɓen kyanwar ba zai ɗauke mu lokaci ba. Akwai magen gida mai gajeren gashi, akwai kuma 'yar Farisa mai dogon gashi da shafaffen hanci, wadda ake tallarta a Instagram da kuɗi masu kauri. 'Yar Farisa kyakkyawa ce, babu musu. Sai dai tana son a taje ta kullum, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe har sai an aske. Idonta yakan yi ta zubar da ruwa, numfashi yana yi mata wuya saboda yanayin hancin, kuma akwai wata cutar ƙoda ta gado da ta yi yawa a jinsinta. Ka haɗa wannan da zafin bazara a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda bai taɓa kiwon kyanwa ba, ni dai magen gida zan ba shi shawara. Batun halaccin sayar da kyanwa kuwa malamai sun yi saɓani a kansa, mafi yawansu sun halatta, wasu sun hana saboda hadisin da ya zo da hani. Wanda aka ba kyauta ya huta da wannan tambaya.

Ko wace iri ce, kada ka karɓi wadda ba ta kai mako 8 ba, in ta kai 12 ya fi. Ka ɗaga ta ka duba da kyau. Idon ya zama garau babu kwantsa, hanci babu majina, cikin kunne babu baƙin datti, ƙarƙashin wutsiya a bushe. Ka buɗa gashin bayanta da yatsa: in ka ga baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono, ƙuma ce. In ka ga wani wuri ya zagaye gashi ya zube, wataƙila makero ne, kuma yana kama yara. Sannan tambayar da kusan kowa yake mantawa: "Hajiya, me kuke ba ta a nan?" Amsar ita ce abincinta na makon farko a gidanka.

Ranar da ta iso, kada ka yi mamaki in ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. Za ka leƙa ka ga idanu biyu kawai a lungu, kunnuwa a kwance, in ka miƙa hannu ta yi huci. Tsoro ne, ba mugun hali ba. Ka ware mata ɗaki ɗaya, ka ajiye ruwa da abinci a gefe guda, kwanon bayan gida a can wani gefen, ka hana yara jawo ta. Da dare, in gida ya yi tsit, za ta fito ta shinshina ko'ina ta ɗan ci. Wata kwana biyu ya ishe ta, wata sai ta yi mako. Ranar da ta zo da wutsiya a miƙe sama tana goga kumatunta a ƙafarka, ta yarda da gidan. Daga nan za ka ga tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, sai da asuba da almuru ta tashi da tsalle-tsalle, domin lokutan farautarta ke nan.

Yanzu ga babbar maganar. Kyanwa maciyiyar nama ce ta dole, ba kamar kare ba da yake iya rayuwa da ɗan wannan da ɗan wancan. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshensa, sai ta same shi a nama, musamman zuciya da naman cinya. In ta rasa shi na tsawon lokaci, idonta yana lalacewa har ta makance, tsokar zuciyarta kuma ta saki. A 1987 ne likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna alaƙar wannan ciwon zuciya da ƙarancin taurin, kuma tun daga lokacin kamfanoni suka ƙara shi a abincin kyanwa. Wannan shi ya sa abincin kare, ko da ya fi araha kuma ya fi samuwa a shago, bai dace da ita ba.

Busasshen abinci na buhu, irin su Whiskas, Friskies, Me-O da Royal Canin, shi ya fi sauƙin sha'ani. Ba ya buƙatar firji, ba ya lalacewa in ya wuni a kwano. Babbar kyanwa mai nauyin kilo 4 takan ci kimanin giram 50 zuwa 70 a rana, wato buhun kilo 2 zai kai ta wata guda ko ya ɗan haura. Yawancinsa shigo da shi ake yi, don haka farashinsa yana bin dala. Abu biyu za ka duba a jikin buhun bayan ranar ƙarewar wa'adi. Na farko, a ce an rubuta "complete", ma'ana shi kaɗai ya wadatar. Wanda aka rubuta wa "complementary" ƙari ne kawai. Na biyu, shekarun da aka yi shi dominsu: 'yar kyanwa har ta cika shekara guda tana buƙatar na ƙanana, wanda ya fi maiƙo da gina jiki. Wasu masu shago sukan farke babban buhu su ɗaɗɗaura a leda don mai ƙaramin ƙarfi. Yana da sauƙin kuɗi, amma ba ka ga wa'adi ba, ba ka san yaushe aka buɗe ba, kuma da damina yana saurin yin fumfuna. In dole sai shi, ka shinshina. In ka ji warin tsohon mai, ka bar masa kayansa.

Aibin busasshen abinci shi ne bushewar tasa. Ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali ɓeran da kyanwa take kamawa kusan kashi 70 na jikinsa ruwa ne. Asalin kyanwar gida daga magen dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, dabbar ƙasa mai ƙarancin ruwa, shi ya sa ƙishirwa ba ta cika tura ta wurin kwanon ruwa ba. Tana buƙatar kusan mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a rana. In ba ta samu ba fitsari yana yin kauri, kuma muzuru ya fi shiga haɗari saboda hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa. Muzurun da ka ga yana ta zuwa kwanon bayan gida yana yunƙuri yana kuka ba abin da yake fita, wannan ba na jiran gobe ba ne, a ranar ake kai shi asibiti. Dabarar ita ce kwanon ruwa biyu ko uku a wurare daban-daban, nesa da abinci, masu faɗi, a canja ruwan kullum.

Na gwangwani ko na 'yar leda mai romo shi ya magance wannan, domin kashi 75 zuwa 80 nasa ruwa ne, kuma da wuya ka ga kyanwar da ta ƙi shi. Matsalar aljihu ce. Leda ɗaya takan zama giram 85 ko kusa da haka, babbar kyanwa kuma tana buƙatar kamar uku a rana in shi kaɗai take ci. Leda 90 a wata ke nan, ka lissafa da farashin shagon unguwarku. Ga shi in an buɗe ba ya jure zafi: abin da ya yi awa guda a kwano da bazara na ƙuda ne da kiyashi, ragowar kuma sai firji mai wuta. Kada a rikita shi da kifin gwangwani namu na mutane. Titus da Geisha akwai gishiri da mai ko miyar tumatir, ba abincin kullum ba ne gare ta.

Sai na tukunya, wanda a gaskiya shi mafi yawan gidaje suke yi. A nan akwai bambanci tsakanin dafa wa kyanwa da zuba mata ragowar abinci. Tuwo da miya, shinkafa da mai da yaji, burodi a shayi: za ta ci in yunwa ta matsa, amma ba su da abin da jikinta yake nema. Maguna na da da suka rayu a kan haka, ɓeraye da ƙadangaru ne suke cike musu giɓin. Wadda ka kulle a falo ba ta da wannan damar. Miyarmu kuma tana da albasa da tafarnuwa, su biyun suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, danye ko dafaffe. Madara ma da kowa yake ɗauka ita ce abincin mage, yawancinsu bayan yaye ba sa iya narkar da sukarin cikinta, sai zawo. Abin mamaki, kyanwa ba ta ma jin ɗanɗanon zaƙi. Maiƙon madarar ne yake jan ta.

In za ka dafa mata, ka dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi: kaza, zuciya, ƙundu, naman sa, dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya. Romon ma ka zuba mata. Hanta kaɗan, sau ɗaya a mako, domin yawanta yana tara sinadarin bitamin A har ya taɓa ƙashin wuya. Ɗanyen kifi a kai a kai yana lalata bitamin B1. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke ta. Sannan tsokar nama zalla ba ta da isasshen sinadarin ƙashi, kuma 'yan kyanwar da aka raina da ita kaɗai ƙasusuwansu kan yi laushi. Wanda ya ƙudurta sai na gida kaɗai, ya zauna da likitan dabbobi ya tsara masa abin da zai ƙara.

In ni ce zan zaɓa wa gida mai matsakaicin ƙarfi, busasshe cikakke zai zama ginshiƙi, a auna shi da kofi maimakon a cika kwano, sannan a riƙa haɗawa da ɗan dafaffen nama da romonsa ko leda guda ta mai romo gwargwadon hali. Ƙarama tana ci sau 3 zuwa 4 a rana, babba sau 2. Kowane canji a yi shi a hankali cikin kwana 7, ana ƙara sabon ana rage tsohon. Babbar kyanwar da ta yi kwana 2 ba ta ci komai ba a kai ta asibiti, domin yunwa tana saurin taɓa hantarta, musamman mai ƙiba. Ƙarama kuwa ko kwana ɗaya ya yi yawa.

Wurin bayan gida bai kai abinci rikici ba, domin binne kashi ɗabi'arta ce, ba sai an koya mata ba. Baho na roba mai faɗi ya wadatar. Yashin gini kusan kyauta ne kuma ƙafarta tana sonsa, amma ba ya riƙe wari, sai an zubar da shi a kai a kai, kuma gara a tankaɗe a shanya shi a rana tukuna. Garin katako yana shan fitsari, sai dai yana bin ƙafa ya watsu a ɗaki, kuma ka guji na katakon da aka yi wa feshin magani. Na shago mai dunƙulewa in ya jiƙe shi ya fi tsafta, ya fi tsada, kuma ba a sa wa 'yar ƙarama sosai shi don tana iya haɗiya. Kowanne ka ɗauka, a kwashe kullum. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, saboda wata ƙwayar cuta da kan fito a kashin kyanwa tana iya cutar da ɗan tayi.

Gadon kyanwa na shago, riguna, sarƙa mai ƙararrawa, duk ka bar kuɗinka. Za ka saya ta koma cikin kwali ta kwanta. Abin da ba za ka tsallake ba shi ne wurin wasa farce, in ba haka ba kujerar falo ce za ta biya. Katako mai tsayi da aka naɗe da igiya ko tsohon kafet, kafinta zai haɗa maka, kawai ya tsaya da ƙarfi kada ya yi rawa.

Kuɗin da ka yi tsimi ka kai wurin likita. Allurar rigakafi ta farko ana yin ta a mako 8 zuwa 9, a maimaita bayan mako 3 ko 4, ta ciwon haukan kare kuma daga mako 12. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga na gwamnatocin jihohi da masu zaman kansu a manyan garuruwa. Can za a ba ka maganin tsutsar ciki da na ƙuma daidai nauyinta. Kada ka yi mata na kanka. Ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe kyanwa, maganin ƙumar kare mai sinadarin permethrin yana sa ta farfaɗiya, fiya-fiya da shinkafar ɓera kuma sai a kawar da su daga inda take kaiwa, har da ɓeran da ya ci gubar. Tun ziyarar farko ka tambayi kuɗin aikin hana haihuwa. Macen tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin nata kwana 63 zuwa 65 yake yi, kuma tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Aikin mace ya fi tsada don buɗe ciki ake yi. Na muzuru ya fi sauƙi, kuma yana rage masa fesa fitsari a bango da yawon dare da dawowa da raunin faɗa.