Intel ko Graviton: wanne ya dace da kantin intanet a AWS?

Mai son buɗe kantin intanet da manhajar WooCommerce ko Magento a AWS, sashen Amazon mai ba da hayar uwar garke, yakan ɗauki shiryayyen kwafin uwar garke, wanda ake kira AMI, ya kunna kawai. Sai dai kowane kwafi an gina shi ne don nau'in injin guda. Wanda aka yi wa Intel da AMD ba zai tashi a kan Graviton ba, injin da Amazon ta fito da shi a 2018 bisa wani tsari daban mai suna ARM.

Graviton ya fi araha. Farashin injin t4g na Graviton yana ƙasa da na takwaransa t3 na Intel da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma PHP da MySQL, manhajojin da kantin ke aiki a kansu, suna tafiya lafiya lau a kansa. Matsalar tana wajen ƙananan manhajojin da aka sayo a kulle, waɗanda wasunsu Intel kaɗai suka sani. Ɓangaren Intel kuwa tsada ce kawai aibinsa. Kusan kowane kwafi a kasuwar AWS Marketplace yana da sigar Intel.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne faifan ajiya. A sababbin injuna na duka ɓangarorin, faifan yana bayyana da suna nvme0n1, ba xvda ba. Tsohon kwafin da aka rubuta wa tsohon suna a fayil ɗin fstab, jerin faifan da injin ke haɗawa idan an kunna shi, yana iya maƙalewa wajen tashi, shi ya sa ake ɗaure faifai da UUID, lambar shaidarsa da ba ta canzawa ko da sunan ya canza. Wannan faifai na AWS, wato EBS, kuma ana ƙara masa girma, ba a rage shi.

A ganina, sabon kanti ya fara da Graviton. Tsohon da ya tara ƙananan manhajojin da aka sayo, a gwada shi a kan Graviton tukuna.