Na'urar da ke jiran umarni, ko wadda ke riga ka tunani?

Malam, ka tambaya wanne ya fi a gida: na'urar da sai ka yi mata magana za ta motsa, ko wadda ke lura da ɗabi'arka ta yi abu tun ba ka buɗe baki ba.

Ta farko ba ta da wuyar gane wa. Amazon Echo, lasifikar da ke karɓar umarnin murya, da ta fito a 2014 irinta ce. Ka ce a kashe fitila, ta kashe. Linzami na hannunka, sai dai kai za ka riƙa tuna komai.

Ta biyun ce mai dogon bayani. Ɗauki na'urar daidaita zafin ɗaki ta Nest, wadda ta fito a 2011. Kusan mako guda take yi tana lura da lokutan da kake ƙara sanyi ko rage shi, sannan ta tsara wa kanta jadawali. Idan gida ya zama ba kowa, sai ta rage aiki don kada wuta ta tafi a banza. Daɗinta shi ne har mantawa kake yi da ita.

Amma fa hasashe take yi, hasashe kuwa yana kuskure. Yawancin fitilun da ke kunna kansu, motsin ɗumin jiki suke ganowa. Zauna shiru kana karatu, sai su ɗauka ba kowa a ɗakin, su bar ka cikin duhu. Sababbin da ke amfani da rada (radar, mai gano motsi da igiyoyin rediyo) suna gane ko da motsin numfashi ne, sun rage wannan matsalar. Sannan a gida mai jama'a, ɗabi'ar wa za ta koya? Ta dattijon da sanyi ke damu, ko ta matashin da kullum zafi yake ji?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kafin ta hango buƙatarka, dole ta san lokacin barcinka da fitarka da dawowarka, kuma sau da yawa bayanan nan a kwamfutocin kamfani suke kwana. Kamfanin ma yana iya janye hannu. A 2016 kamfanin Nest ya rufe hidimar Revolv, wata na'ura mai sarrafa kayan lantarkin gida, sai na'urorin da mutane suka saya da kuɗinsu suka daina aiki.

Da ni ne, raba musu aiki zan yi. Fitila da fanka da sanyin ɗaki, inda gyara kuskure danna maɓalli ɗaya ne, in bar wa mai hasashe. Buɗe makullin ƙofa, kunna murhu da sayen kaya kuwa, sai da umarnina. Kafin ka saya, tabbatar tana da makunnin hannu, kuma tana aiki ko intanet ya ɗauke.