Shagon cuku da dabino a Daura: kaya masu kyau, farashi mai nauyi

Shagon yana kusa da kasuwar Daura, kuma mai shi yana sayo cuku da dabino daga Damagaram ta kan iyakar Kwangwalam. Cukunsa fari ne, busasshe, idan aka karya shi yana yin ƙas ba tare da warin tsami ba. Dabinon kuma ana ware shi kafin a auna, saboda haka da wuya mutum ya ci karo da mai ƙwaro a cikin mudu.

Matsalar tana ga farashi, kuma a ganina ba laifin mai shago ba ne. Lokacin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi tare da barazanar tura sojoji bayan juyin mulkin Yuli 2023, an rufe iyaka har zuwa Maris 2024, kayan suka yi ƙaranci, kuma barazanar ba ta haifar da komai ba illa cutar da 'yan uwa da ke ɓangarori biyu na iyakar. Ban da haka ga cire tallafin man fetur da faɗuwar naira a gaban sefa, wanda ya sa kowane buhu yake isowa da tsadarsa.

Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba zai riƙa sayen mudu ba, amma mai shagon yana sayar da rabin mudu har da ƙasa da haka, kuma yana cika awo ko da ciniki ƙarami ne.